Tarihin William Lever, Attajirin Sabulu

Duk wanda ya shiga kasuwar Garki, ko ta Ringim, ko ta Shuwarin kusa da Dutse, ya ce a ba shi omo, mai tebur ba zai tambaye shi abin da ya ke nufi ba. Kowane irin garin wanki omo ne a bakin Bahaushe, ko wane kamfani ya yi shi. Amma asalin sunan nan na kamfani ɗaya ne, kamfanin kuwa wani ɗan mai kanti ne ya kafa shi a Ingila, sunansa William Hesketh Lever, wanda daga baya aka naɗa shi sarauta ya zama Lord Leverhulme. Shi ne mai sabulun Sunlight da Lifebuoy da Lux. Shi ne kuma ya sayi Kamfanin Neja, wanda kakanninmu suka riƙa kai wa gyaɗa a kan jakuna da raƙuma.

Mun ga ya kamata mu kawo wa masu karatu labarinsa, tun ba malaman makaranta ba, da akawunan ƙananan hukumomi, magadan akawunan En'e na da. Dalili kuwa shi ne, ko da ya ke mutumin Bature ne, ya kuma rasu tun 1925, akwai wani abu da ya nema a ƙasar nan bai samu ba, watau ƙasar noma. Rashin samun nan nasa yana cikin abubuwan da suka sa manomin Nijeriya ya zauna da gonarsa a hannunsa. Za mu ga abin da ya faru inda ya samu, da abin da ya faru inda aka hana shi.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haife shi ran 19 ga Satumba, 1851, a Bolton, wani gari na masaƙun auduga a lardin Lancashire. Ubansa James Lever mai sayar da kayan masarufi ne, sari da kiri, mutum mai tsananin riƙo da addininsa na Kirista, ba ya shan giya. William shi ne na bakwai a haihuwa, amma shi ne namiji na fari. Bai yi zurfi a makaranta ba. Cikin 1867 uban ya sa shi a kanti, albashinsa sule ɗaya a mako. Aikin da aka fara ba shi shi ne yanka sabulu da naɗe shi a takarda.

A zamanin nan sabulu yakan zo wa mai kanti ne dogo kamar sanda, ba suna, ba hatimi. Mai saye ya faɗi na nawa ya ke so, a yanka masa, a auna. In ya sami mai kyau yau, ba shi da hanyar da zai gane shi gobe. Talakan Ingila ma bai daɗe da fara samun sabulu da araha ba, domin sai cikin 1853 gwamnatinsu ta soke harajin da ta ɗora masa shekara da shekaru. Yaron ya lura da wannan duka yana tsaye da wuƙa a hannu.

Daga yankan sabulu ya koma riƙon littafin kuɗi, daga nan ya zama mai yawon nema wa kantin masu saye a ƙauyuka. Da ya cika shekara 21, cikin 1872, uban ya sa shi cikin dukiyar, ya yanka masa fam 800 a shekara. Cikin 1874 ya auri Elizabeth Hulme, wadda suka taso unguwa ɗaya. Sunan gidansu ne ya haɗa da nasa sa'ad da aka naɗa shi, ya zama Leverhulme.

Yadda sabulu ya sami suna

Yin sabulu ba baƙon abu ba ne gare mu. Matanmu sun daɗe suna ƙona kara, su tace tokar, su dafa ruwan da man kaɗe ko wani mai, ya daskare ya zama sabulu. Abin da a ke yi a masana'anta ke nan, sai dai can soda su ke sawa maimakon ruwan toka. Saboda haka asirin sana'ar duka yana ga mai. In man ya yi kyau sabulu ya yi kyau, in mai ya yi tsada mai sabulu ya shiga uku.

Yawancin sabulun Ingila na lokacin da kitsen dabbobi a ke yinsa, mai tauri ne, ba ya kumfa sosai. Wani masanin haɗa magunguna na Bolton, William Hough Watson, ya gano haɗin da ya fi shi: man alayyadi, da man angurya, da ƙaro, da ɗan kitse. Cikin 1884 Lever ya yi rajistar suna Sunlight, ma'anarsa hasken rana. Cikin 1885 shi da ƙanensa James suka karɓi hayar wata ƙaramar masana'anta a Warrington, suka fara dafa nasu. Wannan shi ne mafarin kamfanin Lever Brothers, watau 'yan'uwa biyu, ko da ya ke rashin lafiya ta fid da ƙanen daga aikin tun da wuri.

Sabon sabulun yana da aibi guda. In ya sha iska sai man ya tsatso, ya yi wari. Lever ya yi maganin wannan ta hanya biyu: ya zuba masa turaren wata ciyawa mai ƙanshin lemo, ya kuma naɗe kowane gutsure a takardar da iska ba ta ratsawa, ya sa a kwali mai launi da suna a jiki. Sa'an nan ya shiga talla irin wadda ba a saba gani ba. Ya manna alluna a tashoshin jirgin ƙasa, ya raba ƙananan littattafai na koya wa mata wanki, ya sa kyauta ga mai tara takardun naɗin, ya kuma yi shelar fam 1,000 ga duk wanda ya sami algus a ciki. Matan ma'aikata ya nufa, waɗanda wankin kayan masu aikin gawayi da masaƙa ke cinye musu yini guda cur. Da farko tan 20 su ke yi a mako. Kafin shekara uku sun kai tan 450. Lifebuoy ya biyo baya cikin 1894, sa'an nan Lux, daga baya Omo ya shigo hannunsa tare da kamfanin Hudson da ya saya cikin 1908.

Garin da ya gina

Da Warrington ta yi masa kaɗan, sai ya sayi wata fadama a bakin kogin Mersey, hayin Liverpool. Cikin Maris 1888 matarsa ta sari ƙasa da hannunta, aka fara ginin masana'anta da gari, aka sa masa suna Port Sunlight. Kafin 1914 an gina gidaje wajen 800, kowane da ruwan famfo da ɗan lambu, ga makaranta, ga asibiti, ga ɗakin karatu da wurin wasanni. A lokacin kuwa ma'aikatan Liverpool a cunkushe su ke cikin lunguna masu duhu, 'ya'yansu na mutuwa tun suna goye. Mutane daga ƙasashe da yawa suka riƙa zuwa kallon garin.

Ra'ayinsa shi ne, maimakon a raba wa ma'aikaci riba a hannu ya kashe ta a gidan giya, gara a gina masa gida da ita. Akwai alheri a cikin wannan, akwai kuma igiya. Gidan na kamfani ne. Ran da aka sallami mutum daga aiki, ran nan ya rasa wurin kwana. Ana duba yadda kowa ke riƙe da gidansa da lambunsa. Wannan hali ya bi Lever duk inda ya tafi: yana son mutane su ji daɗi, amma bisa tsarin da shi ya zana musu.

Duk da haka ba za a hana shi yabonsa ba. Da aka zaɓe shi wakilin Wirral a Majalisar Dokokin Ingila cikin 1906, maganarsa ta fari a kan ba tsofaffi fansho ce, abin da ya riga ya fara yi wa nasa ma'aikatan. Daga baya ma ya yi ta kira a rage aikin masana'anta ya koma awa shida a yini.

Sabulun wardi

Sabulun talaka ya ba shi dukiya, amma ya ga akwai wata kasuwa a sama, ta masu wanka don ƙanshi. A wannan kasuwa kuwa babu turaren da ya kai wardi daraja.

Mu nan mun san wardi tun kafin zuwan Turawa, ta hannun fatake da alhazai. Malaman Musulmi ne suka kyautata hanyar tatsarsa. Tun ƙarni na 9 Alkindi, malamin Bagadaza, ya rubuta littafi a kan haɗa turare mai ɗauke da haɗi fiye da 100. Yadda a ke yi shi ne, a tsinki furen da asuba tun rana ba ta taɓa shi ba, a zuba a tukunyar tagulla da ruwa, a hura wuta. Tururin ya bi ta bututu ya huce, ya ɗiga a kwalba. Abin da ya taru shi ne ruwan wardi, ɗan man da ya taso a kansa kuwa shi ne ainihin turaren. Sai an dafa fure fiye da tan 3 kafin a sami kilo ɗaya na man nan, shi ya sa a ke sayar da shi a 'yan mitsi-mitsin kwalabe. Wardin Ɗa'ifa, a kan duwatsun gabas da Makka, shi ne wanda alhazanmu suka fi sani, kuma da ruwan wardi gauraye da Zamzam a ke wanke ɗakin Ka'aba. Turawa kuwa yawancin nasu daga kwarin Kazanlak na ƙasar Bulgeriya su ke samu. Sunan da su ke kiran man da shi, Otto, daga kalmar Larabci ta turare ya samo asali.

Cikin 1906 Lever ya sayi kamfanin Vinolia na Landan, mai yin sabulun wanka da man shafawa. Mafi shahara cikin kayansu shi ne Vinolia Otto, wanda ya ci sunan man wardin nan. Shi aka ajiye a ɗakunan manyan fasinjoji na jirgin ruwan Titanic, har kamfanin ya buga tallarsa da hoton jirgin kwanaki kaɗan kafin ya nutse cikin Afrilu 1912. Bayan 'yan shekaru kuma tsohon gidan sabulun nan na Pears, wanda Andrew Pears ya kafa a Landan cikin 1789, shi ma ya shigo hannunsa. Ta haka ya riƙe kasuwa sama da ƙasa, daga mai wankin kayan gawayi har matar attajiri.

Amma a lura da abu guda. Ƙanshin ɗigo ne kawai. Sabulun wardi da sabulun wanki duk jikinsu ɗaya, watau mai. Man kuwa ba ya tsirowa a Ingila.

Rigima da jaridu

Cikin 1906 farashin mai ya hau ƙwarai, domin masu yin bota ta man tsiro, a Holan da sauran ƙasashen Turai, sun shigo suna wawar irin man da masu sabulu ke saye. Lever ya yi dabara biyu. Ya rage nauyin sabulunsa daga oza 16 zuwa 15, ya kuma nemi haɗa manyan masu sabulun Ingila su zama ƙungiya ɗaya. Jaridun Lord Northcliffe, musamman Daily Mail, suka taso masa, suka ce yana tauye mudu, yana kuma korar ma'aikata. Ciniki ya faɗi, ƙungiyar ta watse. Ya kai ƙara a kan ɓata suna, cikin 1907 aka ba shi diyyar fam 50,000, da ta sauran jaridun ta kai fam 91,000. Ya miƙa kuɗin ga Jami'ar Liverpool, wani kashi ya tafi makarantarta ta binciken cututtukan ƙasashe masu zafi.

Ya ci shari'a, amma darasin da ya ɗauka shi ne, muddin a kasuwa ya ke sayen mai, wuyansa na hannun wasu. Sai ya ƙudura ya mallaki itatuwan da kansa, da ƙasar da su ke tsaye a kai.

Abin da ya faru a Kwango

Ya fara da gonakin kwakwa a tsibiran Solomon, can tekun Fasifik. Sa'an nan ya juyo Afirka ta Yamma. Cikin 1910 ya sayi kamfanin MacIver na Liverpool, mai ciniki a Nijeriya, ya kuma nemi gwamnatin Ingila ta ba shi manyan filayen kwakwar manja a ƙasashen da ta ke mulki. Ofishin mulkin mallaka a Landan ya ƙi, bisa hujjar cewa ƙasar ta masu ita ce.

Gwamnatin Beljiyam ba ta ƙi ba. Cikin 1911 ta ba shi izinin zaɓen fili har hekta 750,000 a wurare biyar na ƙasar Kwango, watau ya tasar wa eka miliyan 2. Ya kafa gari a bakin kogin Kwilu ya sa masa suna Leverville, wanda yanzu a ke kira Lusanga. Cikin sharaɗin akwai gina makarantu da asibitoci, an kuwa gina wasu. Nufinsa ya yi wani Port Sunlight a tsakiyar Afirka.

Sai dai mutanen wurin ba su ce suna so ba. Itatuwan da kakanninsu ke hawa su yanko don kansu, dare ɗaya suka zama na kamfani. Hawan kwakwar manja aiki ne mai haɗari, ladan kuwa ƙanƙane, saboda haka ba mai zuwa don ra'in kansa sai kaɗan. Sai hukuma ta shiga da ƙarfinta. Aka ɗora haraji na kuɗi, wanda ba ya biyuwa sai mutum ya yi wa kamfani aiki. Aka matsa wa sarakunan ƙauyuka su kawo mutane. Aka yanka wa kowa adadin da zai kawo, wanda ya kasa ko ya gudu ya gamu da kurkuku ko bulala. Wani ɗan Beljiyam, Jules Marchal, wanda ya yi aikin mulki a Kwango, ya tono takardun gwamnatinsu ya bayyana wannan dalla-dalla. Cikin 1931, shekara shida bayan rasuwar Lever, mutanen Pende na yankin Kwilu suka yi tawaye, sojan gwamnati suka kashe ɗaruruwa daga cikinsu. Mutumin da ya gina wa ma'aikatansa na Ingila gida da lambu, shi ne kamfaninsa ya ci moriyar aikin tilas a Afirka. Mai ba da tarihinsa ba shi da ikon ya faɗi ɗaya ya ɓoye ɗaya.

Kamfanin Neja da gyaɗarmu

Yanzu sai mu dawo gida. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa cikin 1912. Turawa sun zaci auduga za ta cika shi. Manoman ƙasar Kano suka duba, suka ga gyaɗa ta fi riba, ga ta tana son jigawa, ga harawa don dabbobi, in kuma kasuwa ta ƙi a ci ta a gida. Sai gyaɗa ta yi ta kwarara har tasha ta rasa inda za ta sa ta. Ƙasar Garki da Ringim da Dutse duk cikin masarautar Kano su ke a lokacin, kuma suna cikin wuraren da gyaɗar ke fitowa. Turai na bukatarta don man girki da bota, Lever kuwa ya shiga sana'ar bota tun 1914.

Babban mai saye shi ne Kamfanin Neja, wanda a da, zamanin George Goldie, ya ke mulkin bakin Kwara da Binuwai, har gwamnatin Ingila ta karɓe mulkin ran 1 ga Janairu, 1900, ta bar shi da ciniki kawai. Kamfanin ba ya iya shiga ƙauyuka da kansa, sai ta hannun attajiran Kano waɗanda suka gaji fataucin goro, suna da yara da amintattu ko'ina. Babbansu shi ne Alhassan Ɗantata, wanda ya fara saya wa kamfanin gyaɗa cikin 1918.

Cikin Janairu 1920 Lever ya sayi Kamfanin Neja a kan fiye da fam miliyan 8. Cinikin biri a sama ya yi, domin bai sa an bincika littattafan kamfanin ba tukuna. Da aka buɗe sai ga bashin banki na fam miliyan 2. Kafin shekarar ta ƙare kuma farashin mai da gyaɗa ya faɗi warwas a duniya. Lever Brothers ya kusa durƙushewa, bankuna suka juya masa baya. Wani akawu mai binciken kuɗi, Francis D'Arcy Cooper, shi ya zauna da bankuna ya daidaita al'amarin, shi ne kuma ya gaji shugabancin kamfanin daga baya. Akawunan da ke karanta wannan sai su lura: dukiyar da gwanin talla ya tara cikin shekara 35, mai riƙon littafi ne ya cece ta.

Cikin 1923 aka kafa reshen kamfanin na Afirka ta Yamma, aka gina masana'antar sabulu a Apapa ta Ikko. Nan ne mafarin yin sabulun Lever a cikin Nijeriya.

Tsibirin da ya ƙi shi

Kafin mu zo ƙarshen labarinsa da Nijeriya, akwai wani abu da ya same shi a ƙasarsu wanda ya yi kama da shi. Cikin 1918 ya sayi tsibirin Lewis, arewa maso yamma da Sikotilan, da niyyar mai da mutanensa ma'aikatan kamun kifi da sa shi a gwangwani, da albashi mai kyau da gidaje na zamani. Samarin tsibirin da suka komo daga Yaƙin Duniya na Farko suka ce su gona su ke so, kowa da 'yar tasa, kamar yadda gwamnati ta yi musu alkawari. Ya yi ta lallashi, suka ƙi, har suka shiga manyan gonakinsa suka raba da kansu. Ya tsai da ayyukansa, cikin 1923 ya ba mutanen garin Stornoway ƙasarsu kyauta, ya janye. Ashe ko a Turai talaka ya san guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Karonsa da Gwamna Clifford

Da Kamfanin Neja ya zama nasa, sai ya sake ta da maganar fili a Nijeriya. Hujjarsa ita ce, manomi mai tatsar manja da hannu yana asarar rabin man, kuma manyan gonakin da Turawan Holan ke buɗewa a Sumatra za su ƙwace kasuwa. A nan bai yi ƙarya ba, domin a ƙarshe ƙasashen Indunusiya da Maleshiya sun ƙwace ta. Amma Gwamnan Nijeriya na 1919 zuwa 1925, Sir Hugh Clifford, ya tsaya kai da fata. Ya yi aiki a ƙasar Malaya, ya ga manyan gonakin Turawa da idonsa. Ra'ayinsa shi ne, noman da talaka ke yi a gonarsa ya fi jure wa faɗuwar kasuwa, ba ya bukatar a kwaso leburori daga nesa, kuma ba ya raba mutane da ƙasarsu. A Arewa ma tun 1910 an yi dokar da ta sa ƙasa duka a hannun Gwamna amana don amfanin 'yan ƙasa, ta hana baƙo mallakarta sai da izini. Ba mu ce Turawan mulki sun yi wannan don Allah kaɗai ba. Suna tsoron tawaye, suna kuma son harajin da manomi ke biya ta hannun sarakuna. Ko mene ne dalilinsu, Lever bai sami filin ba.

Ƙarshen 1924, yana da shekara 73, ya sake tasowa rangadin Kwango da Afirka ta Yamma. Bai daɗe da komawa gida ba ciwon huhu ya kama shi, ya rasu a Landan ran 7 ga Mayu, 1925. Aka binne shi a Port Sunlight kusa da matarsa, wadda ta riga shi tun 1913. Ya bar ɗa guda. Cikin wasiyyarsa ya ware wani kashi na dukiyarsa don taimakon ilmi da bincike, asusun kuwa yana nan yana aiki da sunansa.

Abin da ya bari

Cikin 1929 Kamfanin Neja ya haɗu da babban abokin gasarsa suka zama UAC. Ran 1 ga Janairu, 1930, Lever Brothers ya haɗu da masu botar Holan suka zama Unilever. A shekarar nan ce kuma hanyar jirgi daga Kano ta isa Nguru, ta bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori, kantuna da sikeli suka bi ta, gyaɗar ƙasar Garki ta sami tasha kusa. Dalar gyaɗa ta tashi a Kano, ta yi zamaninta, har fari na 1972 zuwa 1974 da cutar gyaɗa ta 1975 suka kwantar da ita.

Kada a ɗauka manominmu ya tsira sarai. Gona tasa ce, amma farashi ba nasa ba ne. Kamfanoni ne ke yanka shi, daga 1949 kuma hukumar cinikin gyaɗa ta karɓa, har aka rushe irin waɗannan hukumomi cikin 1986. Tsakaninsa da sikeli akwai ɗan baranda, akwai bashin da ya ci tun da damina. Amma in farashi ya ɓaci yana da ikon ya shuka gero da dawa ya ci da iyalinsa, ya kuma bar wa 'ya'yansa gonar. Mai hawan kwakwa a Kwilu ba shi da wannan iko.

Shi ya sa mu ke roƙon malamai, in sun zo koyar da tarihin ciniki, su gaya wa yara labarin mutumin nan duka. Su faɗi ƙwazonsa, da yadda ya sa sunansa a kan kayansa ya tsaya a kan ingancinsu, domin masu yin sabulu da turare na garuruwanmu suna da abin koyo a nan. Su faɗi kuma abin da aka yi a Kwango da sunansa. Akawunan da ke riƙe da takardun filaye kuwa, su tuna masu neman manyan filaye ba su ƙare ba, kuma kusan kullum da alkawarin aiki da makaranta da asibiti su ke zuwa. Wani alkawarin gaskiya ne. Amma kafin a sa hannu, wajibi ne a tara masu gonakin a ji ta bakinsu, a karanta musu sharaɗin da harshen da su ke ji, a kuma rubuta abin da zai zama nasu in kamfanin ya tashi. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, amin.